Gajimaren Ishaku

"Kauce! Ku kauce, na ɗauko kaya masu daraja!"

Baba Ɗanladi ke wannan ihun, ya turo baro ta tsakiyar layin 'yan tumatur, 'yan acaɓa na zaginsa yana rama musu biyu-biyu. Kayan da ke cikin baron kuwa maƙwabcinsa ne Ishaku, an shimfiɗa masa bargo, ƙafafunsa da ciwo ya kumbura suna lilo ta gaba. Rahmatu, 'yar Ishaku, tana biye da su da lema, kunya kamar ta nutse.

"A hankali, tsohon banza, ga rami nan," in ji Ishaku.

"Ni za ka nuna wa rami? Ni da na faɗa kogin Gurara da tirela na fito da hulata a kai?"

"Ƙarya ne. Hular aro ce ka dawo da ita."

Duk unguwar Hashimi an san Ɗanladi. Ya je yaƙin basasa ya dawo da harsashi a gwiwa, kwalara ta share layinsu ta tsallake shi, kogi ya haɗiye shi ya tofar. Bai taɓa zama ajin kowa ba, kuma a ganinsa ajin ne ya yi asara. Da 'yan acaɓa suka ce ba za su ƙara ɗaukar Ishaku ba don kada ya faɗo musu, sai ya ari baro a kasuwa ya ce a zuba ido.

Inda suka nufa shagon Nneka ne, bayan tasha. A daminar nan ta 1999 ta kawo kwamfuta mai intanet, ta ajiye tsakanin injin fotokofi da teburin waya. Rahmatu ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe a folitaknik, uwarta ta daɗe da rasuwa, gonar uban ta zama ciyawa tun da ƙafa ta ƙi, don haka aiki take nema ido rufe. Wannan shagon take zuwa ta aika takardunta ga kamfanonin Abuja. Tsofaffin biyu rakiya suka fara yi, wai a shagon samari sun yi yawa. Rakiya ta zama jaraba. In ta gama duba saƙonninta, ragowar lokacin da ta saya nasu ne.

Kowa da shafinsa. Ɗanladi na 'yan damben Turawa yake so, ya ƙura wa ƙattin ido ya ce duk cikinsu babu wanda zai kai masa zagaye na biyu. Ishaku kuwa gajimare ne nasa, wani shafi da ke nuna Afirka daga sama da hadarin da ke kanta. Matsalar ita ce hoton layi-layi yake saukowa, daga sama zuwa ƙasa, kamar ana warware tabarma. Sai teku ya fito, sai ƙasar Larabawa, sai hamada, hamada, hamada. Sau da yawa kafin a iso Najeriya layin waya ya yanke ko lokaci ya ƙare. Ishaku bai taɓa fushi ba. Yakan ce gobe ma sa ƙarasa.

"Baba Gajimare ya zo!" in ji Nneka, ta janye benci. "Yau layin yana gudu fain-fain. Yau sai ka ga rufin gidanka."

Rahmatu ta ce a fara da na Babanta, ganin yadda yake haki. Hoton ya soma saukowa. Ishaku ya matso da fuskarsa har numfashinsa na taɓa gilashin. An wuce hamada, an shigo wajen Agadas, farin hadari ya fara leƙowa. Ana cikin haka Nneka ta duba ɗaya shafin ta dafa kafaɗar Rahmatu.

"Sista, kin samu saƙo. Kamfanin gine-ginen nan ne. Intabiyu ran Talata da safe, amma sun ce ki amsa yau-yau." Ta kalli agogon bango. "Taim ya kusa ƙarewa, ga mutane a layi. In hoton nan yana ja, saƙon ba zai tafi ba."

Rahmatu ta ce a bari hoton ya ƙarasa, ta roƙi na bayanta.

"Kashe shi," in ji Ishaku.

"Baba, saura kaɗan a zo Kano."

"Na san Kano. Kashe shi ki amsa musu."

Aka kashe. Ishaku ya jingina da bango ya rufe ido, yana jin ƙarar maɓallan da take dannawa. A hanyar komawa Ɗanladi ya kauce wa kowane rami.

Ran Litinin bayan azahar suna zaure su biyu. Ishaku na kwance kan tabarma, ya sha kunu cokali kaɗan ya ture. Ɗanladi ya ɗauko labarin tirela daga farko, yadda birki ya tsinke a gangare, yadda ya ce wa yaron mota ya yi tsalle, yadda ruwa ya shigo ta tagogi yana sanyi kamar ƙanƙara. Ya zo wajen hula ya dakata, don a nan ake ƙaryata shi. Shiru. Ya maimaita wajen hular da ƙarfi. Kaza ta shigo zauren ta fita.

Ishaku ya riga ya cika. Ɗanladi ne ya rufe masa ido. Shi ya shiga ramin ya karɓe shi, da gwiwar nan tasa, samari na cewa Baba ka fito yana ce musu su je su yi wasa.

Talata da sassafe gida ya cika. Goggo Asibi, yayar mamacin, ta iso daga ƙauye ta kama ragamar cikin gida. Ta zaunar da Rahmatu a tsakiyar tabarmar mata, tunda ita kaɗai ce 'yar da za a yi wa gaisuwa, kuma nan za ta zauna har sadakar uku.

Ɗanladi ya tsaya bakin ƙofar tsakar gida ya yi sallama da muryar da ake ji har titi.

"Rahmatu, rana tana yi."

Goggo Asibi ta miƙe. "Rana tana yi a je ina? Ɗanladi, ka ji tsoron Allah. Ƙasar kabarin ubanta ko bushewa ba ta yi ba."

"Ni na zuba ƙasar, Asibi, ba sai kin ba ni labarinta ba."

"Mutane su zo gaisuwa su tarar da wa? A ce ta tafi Abuja neman kuɗi? Bakin garin nan kaɗai ya ishe ta."

"Bakin garin nan zai auna mata masara? In an watse ran uku, ke ƙauye za ki koma, waɗannan kowa gidansa. Ita da bango za a bari." Ya gyara tsayuwa. "Mutumin nan ya bar gajimarensa a Agadas saboda tafiyar yau. Ina wurin."

"Wane gajimare kuma? Tsufa ya fara taɓa ka."

"Tsufa ya gwada, ya ga abin da kwalara ta gani."

Wata tsohuwa ta yi dariya ta toshe baki da mayafi. Rahmatu dai kanta na ƙasa, hawaye na ɗiga kan tabarma. Ɗanladi bai ƙara kiranta ba. Ya san abin da ya rage ba nasa ba ne.

Can ta tashi. Ta je gaban Goggo ta durƙusa.

"Goggo, ki yafe mini. Kafin la'asar ina nan, in zauna har ranar da kika ce."

"In kin fita ƙofar nan, ba da yawuna ba."

Rahmatu ta daɗe a durƙushe. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko jakar takardunta.

A waje maza sun cika tabarmi har bakin kwata, dole ta tsakiyarsu za a bi. Ɗanladi ya shige gaba yana ɗingishi, ƙirji a buɗe, yana kallon kowa cikin ido. Wani dattijo ya ce, "Malam Ɗanladi, ina zuwa da marainiya da farar safiya?"

"Aiken Ishaku. Mai magana ya biyo ni tasha ya yi ta."

Ba wanda ya biyo su. A tasha Nneka na jira da leda a hannu. Ta rungume Rahmatu, ta ce Allah ya ji ƙan Baba, ta tura mata ledar. Takalma ne baƙaƙe masu tsini, na zuwa coci.

"Kada ki shiga ofishin mutane da silifa. Sun yi miki yawa, na cusa takarda a ciki."

Bas ta cika da ma'aikata masu sammako. Ɗanladi ya sa kwandasta ya tashi wani saurayi daga gaba, ya ce kujerar ta mai intabiyu ce. Shi kuma ya matse a baya, suka kama hanyar Abuja.

A ƙofar kamfanin maigadi ya ce mai takarda kaɗai ke shiga. Rahmatu ta dafa bango ta sauya takalma, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Baba Ɗanladi, in suka tambaye ni abin da ban sani ba fa?"

"Ki kalle su kamar su ne ba su sani ba. Haka na yi da kowa."

Ta shiga tana taku a hankali, dunduniya na zamewa, jakar a ƙirji. Ya bi ta da ido har ƙofar gilashi ta rufe.

"Baba, 'yarka ce?" in ji maigadin.

"Ta maƙwabcina ce."

Ya samu gefen kwalbati ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Silifan nata na kan cinyarsa, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya. Ya tsinci tsinke a ƙasa ya shiga cire musu taɓo.