Moton Mudasiru a Ƙofar Gidan Zuhuratu

Alimatu mai koko ce ta kawo mini maganar ranar Laraba da safe, tun ban kai ludayi baki ba. Ta ce moton Mudasiru, wato jan babur ɗin nan mai tsagaggen madubi, kullum bayan La'asar yana jingine a ƙofar gidan da bazawara Zuhuratu take haya a unguwar Nyohini. Mudasiru kuwa shi ne ya kawo goron jikata Fadilatu, har an sa biki bayan Babbar Salla.

Duk unguwarmu ta Aboabo an san ni, magana ba ta kwana a cikina. Amma wannan ta zo a mugun lokaci, don ranar Asabar Fadilatu za ta zauna jarrabawar neman aiki a wani banki. Bara ta zauna ta faɗi, har ta rame don kuka. Kuma yarinyar nan in ranta ya ɓaci, ko sunanta sai ta manta. Na ce wa Alimatu ta ɗinke bakinta zuwa Lahadi, ni ma na ɗinke nawa da zare mai rauni.

Ba lissafi ne ya kayar da Fadilatu bara ba. Wai akwai wurin da za a rubuta maka magana da hujjarta, a ce ka nemo abin da mai maganar ya ɗauka gaskiya ne amma bai faɗa ba. Ni da ban gama firamare ba na ce wannan ai aikin boka ne.

Ta ce, "Kaka, dubi murhunki. Daga nan duwatsu biyu kike gani, amma tukunya ba ta zama a kan biyu. Na ukun yana baya. Shi ake so in nemo. In na zare shi tukunya ta kife, to shi ne."

Da tambayoyin littafin suka ƙare mata, sai ta koma kaina. Wai gulmata ta fi littafi daɗin gwaji.

Na ce, "Malam Sayibu ya rina gemu, aure zai ƙara."

"Kin ɗauka ba mai rina gemu sai mai neman aure."

"To, don akuya zai rina?"

Ta yi dariya har ta sarƙe. Na ba ta ta Kausara da ta daina hawa moto zuwa kasuwa, kowa na cewa ciki ne. Nan take ta ce mun ɗauka moton lafiyarsa lau. Ina ba ta, tana zarewa, ni kuma maganar Mudasiru tana ta bugun haƙorana daga ciki.

Ranar Alhamis buhun gulmata ya ƙare, Fadilatu ta fara tsokanata.

"Haba tsohuwa, ke ce yau babu labari? Ko an yi miki allura a harshe?"

Na ce babu. Ta nace. Sai shaiɗan ya ce mini in ba ta labarin ba tare da suna ba, ai ba za ta gane ba. Na ce wani mutum ne, ana ganin motonsa kullum a ƙofar wata bazawara, don haka nemanta yake.

"Wannan ai ruwa ne. An ɗauka mai moto shi ne mai hawa. A Tamale wa ya taɓa hana aron moto? Ƙane ya ɗauka, aboki ya ɗauka, har makaniki ya je cefane da shi."

Daɗi ya kama ni. Na ce, "Alhamdulillahi! Ashe ƙila ma ba shi ba ne. Su dai sun ga tsagaggen madubi kawai suka..."

Fensirinta ya tsaya.

"Wane madubi, Kaka?"

Na fara neman carbina. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Na ce ai ita da bakinta ta ce aro ne.

"Ban ce aro ne ba. Na ce an ɗauka. Gano dutsen ba ya nufin ba ya nan, Kaka. Sau da yawa yana nan daram."

Ta rufe littafin. Tuwon yamma ko kallonsa ba ta yi ba. Na ce ta kira shi mana, ta ce in ya yi ƙarya za ta ji a muryarsa, in ta ji kuwa ba ta ga abin da zai kai ta ɗakin jarrabawa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na hau yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, zuwa Nyohini, gwiwoyina suna ta ƙorafi. Na zauna wurin wata mai gasa doya da ke fuskantar gidan, na sayi yanka guda don a bar ni a benci. Ga moton nan a jingine. Na yi ta addu'a Allah Ya fito da ƙanensa, ko makaniki, ko ɓarawo ma na yarda. Aka buɗe ƙofa, sai ga Mudasiru da kansa, yana gyara hula.

Na tambayi mai doya su wa ke cikin gidan. Ta ce da dai ɗakuna cike suke, amma iskar farkon damina ta yaye rufin, 'yan haya duk sun watse. Ɗakin Zuhuratu kaɗai ya tsira. Na ajiye sauran doyar, na kama hanyar gida.

Asabar da safe na iske Fadilatu zaune a bakin gado, mayafi a cinya, takalmi ɗaya a ƙafa. Rana tana ta hawa.

"An ce an gan ki a Nyohini jiya. Wa ya hau moton?"

Da na ce ƙanensa, da ta gane, don ƙaryata ba ta taɓa wuce yarinyar nan ba.

Na ce, "Shi ne."

Ta fara cire takalmin.

Na ce, "Tsaya, malama mai duwatsu. Ashe ba ki iya aikin ba. Ni a ƙofar gida na gan shi. Gidan haya ne, ɗakuna a jere kamar shagunan kasuwa. Wa ya ce miki ɗakinta ya shiga?"

Ta dube ni. Tambaya ɗaya ta rage mata, ta ce su wa ke cikin sauran ɗakunan, shi ke nan tukunyata ta kife. Na ga leɓenta ya motsa, na yi sauri na miƙa mata ɗaya takalmin.

"An ɗauka ita kaɗai ce a gidan," ta faɗa a hankali, kamar mai karanta amsa.

Na ce, "Ke kika faɗa. Tashi, lokaci ba ya jiran 'yar banki."

Ta ɗaura mayafi, ta zuba fensira a jaka. Na raka ta har titi, ban bar wurin ba sai da yalo-yalo ya sha kwana. Na dawo na zauna da waya a hannu, kowane moto ya wuce sai in zabura, ina cewa ita ce ta juyo.

Can wayar ta yi ƙara.

"Kaka, an fara kiran suna. Zan kashe waya. Yi mini addu'a."

Na ce Allah Ya buɗe ƙwaƙwalwa, Ya kama hannu. Na ji wani namiji ya kira "Fadilatu Mahamudu", na ji ta amsa, sannan layin ya yanke.