Sunan da Balaraba Ba Ta Kira

A shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, kuɗin mai ya sa azuzuwa suna ta tashi a Sakkwato, har Mabera ta samu sabuwar makaranta mai jan kwano. Duk yaron da hannunsa ya zagaya kansa ya taɓo kunne, an ɗauke shi. Hannun Dije ya kai, amma hedimasta ya ƙi ta, saboda ba ta zama wuri ɗaya, kuma ko an kira sunanta sau goma ba ta waiwayawa.

Mahaifinta, Alhaji Maigandi mai atamfa, ya yanke magana: idan aka buɗe makaranta ba a karɓe ta ba, zai kai ta ƙauye wurin gwaggonsa, ta zauna can.

Wannan ne ya kawo Malama Rahila gidan. 'Yar Pankshin ce, ta yi kwas na koyar da yara irin Dije, aka turo mijinta aiki Sakkwato ta biyo shi. Mace ce mai kirki, amma akwai ta da gaggawa, ko gaisuwa a tsaye take yin ta. Ta zauna a tsakar gida ta yi wa Balaraba, uwar yarinyar, bayani.

"Aikin ba wuya. Ki kira sunanta. Da ta juyo, ki rungume ta, ki ce kin yi kyau, ki ba ta dabino. Kullum haka, safe da yamma. To, gwada mu gani."

Balaraba ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. Can ta ce, "Malama, waccan ba ta jin kira."

Waccan! Kalmar ta dami Rahila. Ta dawo washegari, ta sake dawowa, magana ɗaya ce. Ko yarinyar ta zo ta raɓe ta, sai Balaraba ta kau da fuska. Rahila ta koma gida ranta a ɓace, ta ce wa mijinta ita dai ba ta taɓa ganin uwa mai taurin zuciya haka ba, ana shirin raba ta da 'yarta tana ta tsince shinkafa. A garin su Rahila da sunan ɗan fari ake kiran uwa, har alfahari take yi da shi.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta faɗa a gaban Inna Tani, mahaifiyar Alhaji. "Inna, in uwar ba ta so, ni ba abin da zan iya."

Tsohuwa ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. "Ke dai Malama, kina da ban dariya. Ɗiyar hwari ta hwa! Mi kika so ta yi, ta kira sunanta gabana? Ni da kika gani, tun da nih haihi Maigandi ban taɓa hwaɗin sunanai ba sai da yay yi hurhura. Kunya ta, ba ƙiyayya ba."

 Kunya ta kama Rahila ita ma, ta ji tausayin Balaraba ƙwarai, don ta gane kwana da kwanaki tana matsa mata ta yi abin da zai zubar mata da mutunci a gidan miji.

"To Inna, ke fa? Kina iya kiranta?"

"Ni? Har da waƙa!"

Haka aka sake raba aikin. Tsohuwa ce mai kira da runguma, har da guɗa idan Dije ta juyo. Balaraba kuwa aka bar mata cire ƙwallon dabino, tana ajiyewa a faifai kusa da surukarta kamar ba ta san na mene ne ba. Abin bai tafi sumul ba. Wata rana Dije ta kifar da faifan ta ruga zaure, wata rana ta wuni tana kuka. Amma a hankali ta fara juyowa, daga baya ta fara zama a tabarma har a gama ba ta labari.

Ranar buɗe makaranta, Rahila da Inna Tani suka kai ta, da sabon takalmin roba da Alhaji ya sayo. Hedimasta ya ɗaga murya ya kira sunanta. Dije ta ɗan jima tana kallon kwanon rufi, sannan ta juyo ta dube shi. Ya ce ta shiga aji.

Da suka dawo, Balaraba tana gindin murhu, ta ba su baya. Rahila ta buɗe baki za ta yi mata albishir, sai ta kama kanta, ta juya wajen tsohuwa ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Inna, barka! An karɓi jikarki, ba inda za ta."

Balaraba ba ta waiwayo ba. Ta dai tura icce cikin wuta, ta goge ido da gefen zane, wai hayaƙi. Sannan ta ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Malama, ki hwaɗa ma Inna takalmin waccan na cin ƙahwatta ta hagu. Tun da sahe nig ga tana ɗingishi."