Dodon Koɗin Danwarai

Motar ba ta tashi mutuwa ba sai da suka baro Maiyama, daidai lokacin da Waliyyu ya tuna abin da bai gaya wa gwaggonsa ba.

Ɗalibin ilimin halittu ne a Sakkwato. Tun kafin a yanke jihar Kebbi yake bin fadamu yana tonon ruɓaɓɓen ganye, har mutanen Aliero suka fara yi masa kallon mai taɓin hankali. Sai a ƙarshen daminar nan ya dace, ƙarƙashin rumbun albasa a Danwarai: dodon koɗi guda biyu, ƙanana, farare kamar haƙorin jariri. Ba sa cin ganye, 'yan uwansu suke ci. Malaminsa ya ce in dai ya kawo biyu da rai, a feɗe ɗaya a duba cikinsa a adana ɗaya shaida, to za a rubuta su a matsayin sabon jinsi, kuma Waliyyu ne zai raɗa musu suna. Ya ma riga ya zaɓa: Ɗantsoho, sunan marigayi babansa.

Ya sa kowanne a gwangwaninsa daban, ya ajiye a gidan Gwaggo Barakatu a Jega, ya tafi Maiyama ko zai samo na uku, bai kuwa samu ba. Kunya ta hana shi bayani. Ƙato da shi, ya ce wa tsohuwa ƙwarinsa cin junansu suke yi? Sai kawai ya ce, "Gwaggo, amana ce. Kada su mutu."

To ai nan ya yi wauta! Barakatu mace ce da ko kazar maƙwabta ta shigo gidanta sai ta ci tsaba. Kuma ka ce mata amana?

Direba ya shige ƙarƙashin mota yana ta ƙwanƙwasa. Waliyyu ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ya dubi sama, babu ko ɗigon hadari. Ruwa ya ɗauke, dodon koɗi duk sun nutse ƙasa sai baɗi, shi kuwa karatunsa bana zai ƙare. Tsoro ya kama shi sosai, har ya haye bayan wata akori-kurar albasa ba tare da ya tambayi inda za ta tsaya ba.

Ana kiran la'asar ya faɗa gidan, ko sallamar kirki bai yi ba. Gwangwanayen na kife a bakin murhu, an wanke su tas.

"Gwaggo, ina suke?"

"Kai ɗan nan, kwantar da hankalinka," in ji ta tana dariya. "Wa ka kulle bayin Allah cikin ƙarhe da zahin ga? Tukunya nis samo musu mai sanyi, nis sa musu ganye."

Ya ruga ya ɗaga faifan da ke rufe da tukunyar. Ganyen na nan, ko gefensa ba a taɓa ba. Ɗaya na tafiya a jikin tukunyar, ya yi ɓul-ɓul. Ɗayan kuwa, da ya ɗaga shi a hasken rana, sai ya hango yatsansa ta cikin ƙwanson, babu komai a ciki.

Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarsa, muryarta cike da jin daɗi.

"Na gane su kowa shi ɗai, awa marayu. Shi ne nic ce bari in gama su, su ɗebe ma juna kewa."