Filin Golf a Gonar Maikano

Fili biyu aka ba Sada ya zaɓa, ya zaɓi wanda bai kamata ba. Daga nan komai ya lalace.

Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗi sun shiga hannun mutane, motoci sun cika hanyar Kano zuwa Maiduguri. Sada yana da shago a bakin tashar Birnin Kudu, yana sayar da kananzir da man juye. Abin da yake so shi ne gidan mai na sosai, mai famfo biyu, a bakin titi. Kamfanin da ke ba da izinin kuwa ofishinsa yana Kaduna.

Sada ba ɗan Birnin Kudu ba ne. Gidansu yana Zandam, a ƙasar Gwaram. Ubansu Maikano Bafillace ne da ya gaji da yawo, ya sami wani tudu, ya haƙa rijiya a gangarensa, ruwa ya fito mai daɗi, ya zauna. Rijiyar nan ce ta zaunar da su. Da rani babu wani ruwa a kusa, kogi yana da nisa, shi ma ƙafewa yake yi. Da Maikano ya rasu, yayan Sada, Manu, ya riƙe gona da shanu da rijiya. Ba su raba gado ba, ba su ma taɓa tayar da maganar ba.

A Kaduna Sada ya sauka wurin Ɗan'azumi, mutumin Wurno ta kusa da Birnin Kudu, akawu a kamfanin. Ɗan'azumi ya gaya masa gaskiya. Manajan Bature ne, ana ce masa Mai Lofe, kuma a ofis ba ya ba kowa fiye da gaisuwa. Amma duk Asabar yana buga golf, wasan Turawa na sanda da ƙaramar ƙwallo, kuma yana son baƙo ya raka shi. Ɗan'azumi ya shiga ya yi magana, ya fito ya ce Mai Lofe ya yarda, har ya ce baƙo ya zaɓi filin da yake so a cikin biyun da yake zuwa.

Sada bai taɓa ganin golf ba. Amma ba ya sayen ko akuya sai ya taɓa ta, don haka bayan sallar Juma'a ya hau bayan babur ɗin Ɗan'azumi suka je dubawa.

Na farko yana kusa da kogi. Ciyawa kore shar, da rani tsaka, ana ta fesa mata ruwa. Sada ya tsaya a bakin shinge ya tambaya shanun wa ke ci. Aka ce babu, inji ke yankewa a zubar. Ya daɗe yana kallo, bai shiga ba. Ya ce shi ba zai iya taka wannan ba.

Na biyu yana bayan gari. Jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, kamar saurar da aka bari. Sai dai a kewayen kowane ramin da ƙwallo ke faɗawa akwai baƙin yashi a shimfiɗe, sumul, faɗinsa kamar masussuka. Sada ya tsuguna ya ɗebi yashin ya shinshina. Ya san warin, da shi yake kwana yake tashi. Wani lebura da ke share wurin ya ce masa yashin kogi ne, a tankaɗe shi, a kwaɓa da baƙin man da aka juye daga mota, don kada iska ta kwashe, kuma ƙwallo ta gangara daidai.

Ɗan'azumi ya ce, "Alhaji, na ciyawar fa Mai Lofe ya fi so."

"Mai na zo nema," in ji Sada. "Inda ake warin mai, nan za ni."

Da ya zaɓi na ciyawar, da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ya koma gida ya kama harkarsa. Na yashi kuwa ko lebura ya iya yin sa.

Ranar Asabar Sada ya naɗe babbar riga a kafaɗa, aka miƙa masa sanda mai kan ƙarfe. Ya kai duka ya sari ƙasa. Ya sake ya sari ƙasa. Da ya sami ƙwallon, ta tafi cikin ƙaya. Mai Lofe ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya gyara masa riƙo. Suka yi ta tafiya daga rami zuwa rami, rana tana dukansu, ba a ambaci gidan mai ba ko sau ɗaya. Can wajen ƙarshe Baturen ya tambayi garinsu. Da ya ji Birnin Kudu sai ya cire lofe daga baki, ya ce ya ji labarin duwatsun da ke da zanen shanu na mutanen da, ya daɗe yana son gani. Ya ƙara wata magana yana dariya, Ɗan'azumi ya fassara ta yadda take: da akwai fili irin wannan a wajenku, da tuni ya zo ya yi Asabar a can.

Sada ya riƙe maganar a ransa. Ya tuna yana saurayi hakimi ya wuce ta gonarsu, ya ja linzami, ya dubi wani bijimi na Maikano ya ce wannan ya yi kyau. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da gari ya waye Maikano ya sa aka ja bijimin zuwa Gwaram, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake tambayarsa da izinin wa ya zauna a tudun nan. Babba ba ya roƙo. Yana faɗin abin da ya ba shi sha'awa ne, mai hankali ya gane.

A hanyar komawa ya gaya wa Ɗan'azumi abin da zai yi. Ɗan'azumi ya tsayar da babur.

"Alhaji, maganar fatar baki ce. Haka suke. Ni ma ya sha cewa zai zo Wurno cin tuwo."

"Ka taɓa tuƙa masa tuwon?"

"A'a."

"To."

A Birnin Kudu ba shi da fili. A Zandam kuwa an gama girbi, an kwashe kara, tudun yana nan fayau. Ya sami Manu yana ɗaure maraƙi, ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa ya yi masa bayani tun daga farko. Manu ya saurara bai katse shi ba. Ya ce tudun na Sada ne kamar yadda yake nasa, ba zai hana shi ba. Abu biyu kawai ya ce: a kwashe kafin ruwan shuka, kuma kada abin ya kusanci rijiya.

Makanikan tasha suka ba shi baƙin mai kyauta, suna dariya, don da ma zubarwa suke yi. Ya tara duro-duro, ya ɗauki hayar mota ta kai. Jakuna suka yi ta jigilar yashi. Aka tankaɗe, aka kwaɓa, aka shimfiɗa wuri tara kamar yadda ya gani. A tsakiyar kowanne ya binne gwangwanin madara, ya kafa gora da ƙyalle a kai. Mutanen ƙauye suna zuwa kallo, wasu suka ce masallacin Turawa ne, wasu suka ce magani ne.

Ramin ƙarshe ya sa shi a gangare, kusa da tsamiyar da ke bakin rijiya. Dalilinsa shi ne baƙo ba ya gama tafiya a rana, dole ya ƙare inda akwai inuwa da ruwan sha. Ragowar durorin ma a gindin tsamiyar ya jera su, don rana tana busar da yashin, sai an riƙa ƙara mai.

Manu ya zo ya tsaya ya duba. "Na ce kada ya kusanci rijiya."

"Yaya, dubi tazarar da ke tsakani. Mai ba shi da ƙafa."

Manu ya dubi gangaren, ya dubi ƙaninsa, ya tafi wajen shanu.

Sada ya aika wa Ɗan'azumi saƙo ta hannun wani direba. Amsa ta zo cewa Mai Lofe ya yi dariya har ya ƙware, ya ce abin ya burge shi, zai zo in aiki ya yi sauƙi. Sada ya sayi rago ya ɗaure. Duk Asabar yana Zandam tun da hantsi, da wankakkiyar riga, yana jan buhu a kan yashin don ya kwanta. Hadijatu, matar Manu, ba ta raga masa. In ta zo ɗiban ruwa sai ta ce, Alhajin birni, Baturen naka a kan jaki yake tahowa ne, ko kuwa ragon nan ne zai tsufa ya gaje mu? Sada ya ce ta tanadi nono mai kyau kawai, kada ta ba shi kunya.

Bazara ta yi zafi, gabas ta fara haɗa hadari. Manu ya ce lokaci ya yi, a kwashe. Sada ya ce a ba shi Asabar ɗaya. Ta wuce, ya nemi wata. Shi a ganinsa, ranar da ya kwashe ita ce ranar da motar za ta tsaya a ƙofar gida.

Ruwan ya sauko ranar wata Juma'a da azahar, Sada yana shago a Birnin Kudu. Ruwan farko ne, mai ƙarfi, a kan busasshiyar ƙasa. Da ya isa Zandam washegari ya ga hanyar da ruwan ya bi, baƙa, tun daga saman tudu. Ruwan ya wanke yashin wuri tara, ya tattaro, ya biyo gangare. Iska ta kayar da duro biyu a gindin tsamiya. Bakin rijiyar da itace aka ɗaure shi tun zamanin Maikano, ba siminti, ruwan ya ci gefe ɗaya ya shiga.

Manu yana tsaye da guga. Ya ja, ya zuba a kwami. Saman ruwan yana wani ƙyalli, shuɗi da ja. Shanu suka zo suka sunkuya, suka shinshina, suka ɗaga kai suka juya. Manu ya sake ja, ya sake zubawa. Bai dubi Sada ba, bai yi masa faɗa ba. Sada ya tsaya da takalmi a hannu, yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Kamar a gonar wasu abin ya faru.

Ya kawo masu yasar rijiya, suka kwashe ruwan ƙaf, suka kankare bango. Ruwa ya taru da warinsa. Suka sake, ya sake. Babbansu ya ce man ya shiga cikin ƙasar, sai dai jikoki su sha.

Da damina maganar ta kwanta, don tafkuna sun cika, shanu suna sha, mata suna tarar ruwan sama. Gero ya yi kyau, ban da wurare tara da suka tsaya ƙwal, ko ciyawa babu. A cikin daminar ne Ɗan'azumi ya zo gida ganin iyayensa, ya biya ta shago. Ya ce Mai Lofe ya gama aiki ya koma ƙasarsu tun kafin ruwa ya sauka. Sabon manajan ɗan ƙasa ne, bai san golf ba, bai damu da ita ba. Ya duba taswira ya ga hanyar Maiduguri tana bukatar gidajen mai, ya amince da duk waɗanda suka nema, har da Sada.

Sada ya ce alhamdu lillahi. Ya tambaya yaushe za a kawo famfo.

Kaka ta wuce, tafkuna suka ƙafe. Sada ya sa aka haƙa sabuwar rijiya a ɗaya gefen tudun, aka tarar da dutse. Aka matsa gaba aka haƙa wata, ruwan ya fito zartsi, kuma bai kai ya shayar da garke ba. Ya riƙa aiko da ruwa a mota daga Birnin Kudu, amma duk duron da yake da shi na mai ne, ko an wanke da omo shanun suna ji, sai ƙishi ya kai su maƙura suke sha kaɗan. Suka fara ramewa. Hadijatu tana fita da tulu tun da sassafe, ba ta dawowa sai rana ta take.

Sada ya ce wa Manu ya sayar da shanun ya dawo Birnin Kudu, ga ɗaki, ga kujera a gidan mai, ba abin da zai yi sai sa ido.

"In zauna ina shaƙarsa?" in ji Manu.

Ya ce zai bi da su kudu, wajen duwatsun Ningi, an ce akwai ruwa. Sada ya ce Yaya, ba ka taɓa yi ba. Gaskiya ce. A tudun nan aka haifi Manu, ya kusa sittin, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Bai san burtali ba, bai san mashaya ba, Fillancinsa bai wuce na kiran shanu ba. Manu ya ce ubansu ma da ya fara ba wanda ya koya masa.

Ranar tafiyar Sada ya zo ya taya su ɗaura kaya a kan takarkari. Hadijatu ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo, ba ta tsokane shi ba. Manu ya ba shi hannu, ya ce ya sa wani ya riƙa duba rumbu. Suka bi bayan shanun.

Ranin farko an ga Manu a ƙasar Ningi, garken ya ragu. Da damina bai dawo ba, ya aiko cewa in ya dawo ma rani zai sake korarsa. A rani na biyu wani falken shanu ya tsaya shan mai, ya tambaya ko nan ne wurin ƙanin Manu na Zandam. Sada yana kan tanki yana auna mai da sanda, ya ce nan ne. Mutumin ya yi masa gaisuwa. Ya ce Manu ya kwanta ne a hanya, tsakanin wata mashaya da wata, zazzaɓi da ciwon ƙafa, mutanen wani ƙauye suka taimaki Hadijatu suka yi masa sutura. An yi wata guda ko fiye.

Sada ya sauko, ya goge hannu, ya tambayi sunan ƙauyen. Falken ya yi tunani, ya ce wallahi shi ma a bakin wani ya ji, can dai gaba da Ningi ne.