Karcen da Na Yi wa Motar Ƙanena

Jiya da dare na kwanta da haushi a raina, sai na yi wani mafarki. Haushin kuwa na Nafi'u ne, ƙanena, autan gidanmu. Shi ake nunawa yanzu a talabijin duk Lahadi, a wani shiri da ake goge fentin motocin da za a kai baje koli, a cire musu karce da dusashewa har su koma kamar madubi. Ni kuma ina nan bakin titi a Funtuwa da bokitina da sosona, ina wanke tasi da a-kori-kura. Ni na fara ɗora masa soso a hannu. Jiya Inna ta tara maƙwabta a tsakar gida aka kalle shi, har da rabon soyayyar gyaɗa.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari da ba a tuƙa mota, ɗaukarta ake yi. Mutane na tafe da motoci a kafaɗa don kada taya ta taɓa ƙasa. Motocin ke kwana a ɗaki, masu su kuma a waje, an lulluɓe su da tamfol. Ban ga abin mamaki a ciki ba. Damuwata kawai ruwan bokitina, wanda ke fita ɗigo-ɗigo yana hawa sama, ina ta danne shi da tafin hannu.

Wani zabo ne ke ba da hannu a shataletale. Na tambaye shi ina gidan talabijin yake.

Ya ce, "Ai ka wuce shi gobe. Koma baya."

Na koma baya, sai ga ni a bakin ƙofar. Jimina ce ke gadi. Ta dubi bokitina daga can sama.

"Wanki ko guga?"

"Wanki," na ce.

"Masu wanki ta taga suke shiga."

Na shiga ta taga.

Zauren babba ne, fitilu ko'ina. Masu kallo akwatunan talabijin ne, sun zauna layi-layi a kan benci, su ne ke kallon mutane. In abu ya burge su sai su ƙara murya. Shamuwoyi ke riƙe da kyamara. Alƙalan shirin ƙadangaru ne, suna kan tebur suna ta gyaɗa kai tun ba a fara komai ba. Wani tolotolo cikin babbar riga shi ne mai gabatarwa.

A tsakiya ga Nafi'u, fararen kaya, baƙar safar hannu, yana tsaye gefen wata jar mota doguwa. Ya yi ƙiba, ya yi kyau. Da ya hango ni ya yi murmushi, irin wanda yake yi tun yana rarrafe.

"Yaya, ka zo? Zauna mana."

Babu kujera. Na tsaya.

Ya haska tocila a jikin ƙofar motar, sai ga wasu siraran zane-zane sun bayyana a fentin kamar saƙar gizo-gizo. Ya juya ga kyamara, muryarsa a tausashe.

"Wannan da kuke gani, wanki ne ya jawo shi. Soso ɗaya, bokiti ɗaya, ana dirza yashi a kan fenti ba a sani ba."

Bai dube ni ba, kuma na san ba da ni yake ba. Amma akwatunan talabijin ɗin nan duk suka juyo gare ni. Na mayar da bokitin bayana.

Ya ɗiga man goge fenti, ya ɗora injinsa, ya fara tafiya da shi a hankali kamar mai shafa bayan jariri. Zane-zanen suka riƙa ɗagowa daga jikin motar kamar zare. Wata shamuwa ta ajiye kyamararta, ta nannaɗe zaren ya zama dunƙule, ta kawo mini.

"Naka ne," ta ce.

Na karɓa na sa a aljihu. Yana da nauyi.

Sai Inna ta shigo, da mayafinta na zuwa biki. Ta cire takalmanta ta miƙo mini ba tare da ta waiwayo ba, ta wuce wurin motar ta leƙa jikin ƙofar. Ina bayanta, na ga abin da ta gani. Ita ce a ciki tana budurwa, haƙoranta cif, ga marigayi Baba a gefenta yana gyara hula. Ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba.

"Nafi'una," ta ce. "Allah Ya yi wa hannun nan albarka."

Na ƙara matse takalmanta a hannuna.

Tolotolon ya sanar cewa a al'adar shirin ba a barin baƙo hannu sake. Aka kawo mini tawa motar, fara, ba laifi. Na ajiye takalman Inna, na naɗe hannun riga, na ce yau za a ga wanda ya koya wa wani. Na tsoma soso na fara. Kumfa ya tashi mai kyau, akwatunan suka ɗan ƙara murya. Sai na lura motar tana raguwa. Ashe ta sabulu ce. Ina wankewa tana zaizayewa, ta koma kamar tukunya, ta koma kamar buta, har ta rage ɗan guntun da ake liƙa wa sabon sabulu. Na ɗaga shi a tafin hannuna. Inna ta sunkuya ta leƙa, ko idonta ɗaya bai fito a ciki ba. Ta koma wurin jar motar.

"Za mu tafi talla," in ji tolotolon.

A garin nan in an tafi talla kowa tsayawa yake cak. Shamuwoyi suka daskare da ƙafa ɗaya a sama. Nafi'u ya tsaya bakinsa a buɗe, rabin kalma a ciki. Ni kaɗai ke motsi.

Na laluba aljihu na ciro makullin kwaɗon ɗakina. Na je gaban jar motar, na dasa bakinsa a fentin, na ja tun daga fitilar gaba har zuwa but. Ƙarar ta yi mini daɗi kamar kiɗan goge. Ja ya tsage, fari ya fito. Na koma inda nake na ɗauki takalman Inna, wani sanyin daɗi na ratsa ni.

Aka dawo daga talla. Nafi'u ya durƙusa, ya bi karcen da yatsa daga farko har ƙarshe. Da ya ɗago, idanunsa sun ciko da ƙwalla.

"Wa ya yi wannan?"

Sai makullin ya yi tari a aljihuna.

Ya taso ya rungume ni. "Allah Ya saka, Yaya. Ai da yau za a rufe shirin. Na goge duk motocin garin nan, babu sauran abin gyara. Ka ga yanzu mun samu na mako mai zuwa."

Akwatunan suka ƙure murya har benci na rawa. Ƙadangaru suka gyaɗa kai da sauri. Aka rataya wa Nafi'u lambar yabo saboda samun karce mafi kyau. Tolotolon ya ja ni gefe ya ce sun ɗauke ni aiki, duk mako in zo in karce, Nafi'u ya gyara. Na tambaya ko za a nuna fuskata.

"A'a. Aikinka lokacin talla ne."

Sai ga ni a kan hanya, na goya Inna a baya zan kai ta gida. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Garin ya watse, babu zabo, babu masu ɗaukar mota. Muka yi ta tafiya har muka yi nisa.

Can ta ce, "Na ga abin da ka yi."

"Ai kowa ya daskare, Inna."

"Tsofaffi ba sa tafiya talla."

Na ji kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ta gyara riƙon da ta yi wa wuyana kawai.

"Da ƙarfi ka ja," ta ce. "Hannun ubanka gare ka."

Na tsaya a tsakiyar titi. Na ce, "Inna, shi kina kiran sunansa a gaban duniya, har da sa albarka."

"Shi auta ne."

"Ni fa?"

"Kai ka san ko kai wane ne."

Na sani. Ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai" take ce mini, in kuma ba na nan ta ce "wancan". Ban taɓa ganin laifinta ba, haka aka saba. Amma a kan titin nan sai na ji ba na son mota, ba na son kyamara, ba na son lambar yabo.

"Sau ɗaya, Inna. Ki ce Ɗayyabu. Babu kowa a nan."

Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ɗaga kai ta duba sama ko akwai shamuwa. Na ji numfashinta ya matso kusa da kunnena, da ƙamshin goronta. Ta buɗe baki.

Sai injin markaɗen maƙwabtanmu ya tashi.

Na buɗe ido, rana ta riga ta shigo ɗaki. Matata na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Inna ta aiko," ta ce. "Wai a ce wa wancan in ya tashi ya zo ya gyara mata eriya, za a maimaita shirin da yamma."