Hannun Atiku

"Taɓa ka ji, Ɗahiru, ciwo ya tahi!" in ji Atiku yana dariya, ya nuna hannunsa da ke ɗaure cikin karare.

Ɗahiru ya taɓa. Yatsun sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ya buɗe baki zai yi magana, amma zaure cike yake da 'yan dubiya, kowa sai hamdala, shi ma ya ce, "Madalla."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Jega. Atiku mai lodin albasa ne, ƙato, ga taurin kai. Shekarar da aka ba Kebbi jiha motarsu ta kife a hanyar Maiyama, ƙashin damtsensa na dama ya karye. Aka wuce da shi Aliero wurin mai ɗori, don wa zai kai karaya asibiti ga Aliero kusa? Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya zauna daram. Abin da ido bai gani ba shi ne babbar jijiyar jinin da tsinin ƙashin ya yanke. Atiku ya yi ta ihu kwana da kwanaki, da ya yi shiru aka ce sauƙi ne.

Sai da farata suka yi baƙi Ɗahiru ya tasa shi gaba zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya kwance ɗaurin, ya daɗe yana neman bugun jini a wuyan hannun.

"Da kun zo ranar, da an ɗinke jijiyar," in ji shi. "Yanzu hannun ya mutu. In ba a yanke ba, zai tafi da mai shi."

"Hannun dama na hwa, likita," in ji Atiku. "In ci tuwo da hagu? In ba mutane hagu bakin masallaci? Da shi anka haihe ni, da shi za a ruhe ni."

Ɗahiru ya roƙa, ya yi faɗa, ya haɗa shi da Allah. A banza. Suka komo gida.

Daga nan sai wari. 'Yan dubiya suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa. Zinatu, matar Atiku, ta yi ta turara ɗakin tana kuka a ɓoye. Ɗahiru kaɗai ke shiga ya zauna, haushi da tausayi na cin sa, yana kallon baƙin yana hawa gwiwar hannu.

Wata safiya Atiku ya buɗe ido, jiki zafi rau, murya can ƙasa.

"Ɗahiru, nemo mota. Su yanke. Ɗiyana ƙanana na."

Ɗahiru ya ruga tasha ko takalmi babu. Ya dawo da mota, tun daga kwanar layi ya jiyo kukan Zinatu. Direba ya kashe inji, ya yi salati.

Ɗahiru aka ba wankan gawa, shi da liman. Suka tsuguna a bayan ɗaki da butoci.

"Hwara da dama," in ji liman.

Ɗahiru ya ɗago baƙin hannun ya ɗora a tafinsa. Ya zuba ruwa a hankali, yana wanke yatsun ɗaya bayan ɗaya.