Mai Sunan Inna

Habboba Dije, kakata ta wajen uba, ta daina cin abinci a tsakiyar damina. Likita a Damazin, nan Sudan, ya ce tsufa ne kawai, a dai lallaɓa ta ta ci. Lallaɓawar ce aiki. An kai tuwon asida, an kai kunu, har kifin madatsar ruwan Rusairis an soya mata, ta kawar da kai. Abu ɗaya take so, miyar wani ganyen daji da take kira "mai sunan Inna".

Da yake ni, Zamzam, na yi karatun noma a Abu Na'ama, sai gida kaf aka zuba min ido, kamar ni na shuka dajin.

Inna surukar Habboba ce, ta rasu tun ba a haife ni ba. Laƙabinta na ƙuruciya shi ne sunan ganyen, matar ɗa kuwa ba ta kama sunan suruka. Don haka tun ranar da aka kawo Habboba gidan ba ta sake faɗinsa ba, sauran matan gidan ma haka. Na tambayi babana, Salih, ya ce shi dai sunan yanka ya sani, Aminat, kuma Hajja ya tashi ya ji ana kiran ta. Sa'o'inta duk sun riga mu gidan gaskiya. Tsohon ƙauyenmu, inda ganyen yake fitowa a bayan gida, ruwa ya shanye shi da aka ƙara tsawon madatsar ruwa.

"Habboba, yaya furensa yake?" na tambaye ta.

"Ja-ja haka, Zamzam. Ko fari ne? Da safe dai fari na, in rana ta yi shi sake."

"Ganyen yana da yauƙi?"

"In kin iya dahuwa."

Da wannan bayanin na shiga gonaki. Na tsinko karkashi, mai fure kamar ƙaramar ƙararrawa. Mamata ta ce ai wannan abadeb ne, ita ba ta taɓa jin wani karkashi ba. Gwaggo Mu'minat ta ce yauɗo ne, kuma ta rantse. Na buɗe littafina na makaranta, ya ce Ceratotheca. Na ɗauki hotonsa a waya, wayar ta ce Sesamum, wai masana sun mayar da shi dangin riɗi bayan na gama karatu, ba wanda ya aiko min. Gasaya ma haka: tamaleka a bakin mamata, Gynandropsis a littafi, Cleome a waya. Na zauna a bakin gona da fure a hannu, ina da sunaye fiye da ganyen, na rasa ma wanne nake nema.

Duk wanda na kai mata sai ta murza, ta sansana, ta ce, "Kamar shi, kamar ba shi ba." Aka yi miyar karkashi, ta lasa ta ture. Aka yi ta gasaya, ko kallo ba ta yi ba. Zoben hannunta ya fara zamewa da kansa, tsoro ya kama ni sosai.

Rannan da hantsi haƙurina ya ƙare. Na kori kowa daga ɗakin, na sakaya ƙofa, na durƙusa a gaban gadonta.

"Habboba, halas, ya isa haka. Babu kowa, daga ni sai ke. Faɗa min sunan a kunne."

"Ke, ba ki da kunya? Matar da ta riƙe ni kamar ɗiyatta?"

"Ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ke kuma kina shirin bin ta saboda miya. In ta ji haushi, ki ce ni na sa ki."

Ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin ta kwanta. Ta waiga ƙofa, ta gyara mayafi, ta jawo kaina kusa da bakinta. Na ji numfashinta a kunnena. Na jira. Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Na ɗauka kunyar ce, na ce mata ta daure.

Ta sake ni. Ta kalli rufin ɗaki, ta kalle ni, fuskarta kamar ta wanda ya laluba aljihu ya ji wayam.

"Zamzam," ta ce a hankali, "ba shi nan."

"Mene ne ba ya nan?"

"Sunan. Na aje shi don kar in taɓa, yanzu na zo ɗauka ban ishe shi ba." Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. "Ke da kinka yi karatu, mi ne sunan Inna?"

Na riƙe hannunta, a tsakar gida kuwa mamata da Gwaggo Mu'minat suna ta gardama a kan ko abadeb ne ko yauɗo.